Ismaila Mabo da kocin unguwa: yadda Jos ta zama garin ƙwallo

Ranar 13 ga Maris, 2023, Allah ya yi wa Ismaila Mabo rasuwa a Jos, garin da ya yi ƙuruciya, ya yi tashe, ya kuma tsufa a cikinsa. Kusan duk ta'aziyyar da jaridu suka buga wasa ɗaya ta riƙa ambata, wato na 1 ga Yuli, 1999 a Amurka, ranar da 'yan matan Super Falcons da yake horarwa suka tafi hutun rabin lokaci Brazil na cin su 3 da nema, suka dawo suka farke duka ukun, sai a ƙarin lokaci Sissi ta Brazil ta buga bugun tazarar da ya fitar da su. Zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe ne, kuma har yau matan Najeriya ba su sake taka wannan mataki ba a Gasar Kofin Duniya. Yabon ya cancanta. Sai dai wanda ya tsaya a nan bai san inda aka samo Mabo ba. A ganina shi ɗan wata al'ada ce da ta girme shi, al'adar mutanen Jos da ke tara yara a fili su koya musu ƙwallo ba da albashi ba, kuma su ne suka fi kowace gwamnati da kowane attajiri hannu a sunan da garin ya yi.

Tushen abin kuza ne. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawan Ingila suka dira a kan tsaunukan Filato suna haƙa, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, na Fatakwal kuma ya biyo ta Kafanchan a 1927. Leburori suka kwararo daga Kano da Bauchi da Barno suna ɗaukar ƙasa a kwano, Ibo da Yarbawa da Urhobo suka zo akawu da kanikanci da tuƙi, duk a ƙasar Birom da Afizere da Anaguta. Turawa suna da abin shaƙatawarsu, don filin golf na Rayfield tun 1913 yake, amma ba na ɗan lebura ba ne. Abin da ya rage wa yaran barikin kuza, daga Bukuru zuwa Barikin Ladi, shi ne wasan da bai buƙatar komai sai fili da abin da za a shura. Makarantun mishan suka ba wasan tsari, malaman wasanni suka riƙa tsayawa bayan an tashi, a unguwanni kuma wani akawu ko tela ko ma'aikacin reluwe ya ɗauki nauyin ƙungiya. Duba waɗanda Filato ta ba tawagar ɗaliban sakandare ta ƙasa, wadda ake kira Academicals, a tsakiyar shekarun 1960: Ismaila Mabo, Sam Garba Okoye, Tony Igwe, Peter Anieke. Babu wata ma'aikatar wasanni da ta zauna ta haɗa waɗannan sunaye. Zaman cuɗanya na garin kuza ne ya haɗa su, uku na ƙarshen kuma suna cikin tawagar da ta yi kunnen doki 3 da 3 da Brazil a gasar Olamfik ta Meziko a 1968.

A 1970 attajiri Alhaji Isyaku Ibrahim ya kafa Mighty Jets, shekara biyu kacal bayan haka, a 1972, ta lashe gasar lig ta ƙasa ta farko a tarihin Najeriya. Mabo yana tsaron baya, Sam Garba yana gaba, daga baya Baba Otu Mohammed ya yi suna a gefen dama har ya haskaka a Kofin Afirka na 1976. A shekarar 1972 ɗin ce suka buga wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale da Bendel Insurance a Legas, ana cin su 2 da nema Sam Garba ya farke gab da tashi, aka sake wasan a Ibadan suka sha kashi 3 da 2. A 1974 Rangers ta Inugu ta sake hana su. Ƙungiyoyin Jos sun yi ta zuwa wasan ƙarshe suna dawowa hannu rabbana, har mutanen gari suka fara cewa an yi musu baki.

Mai ja da ni zai ce ai ga amsa nan, kuɗin mutum ɗaya ne ya kawo kofi, ba usur ɗin kocin unguwa ba. Zai ƙara da cewa bakin nan bai karye ba sai 1999, lokacin da Plateau United, ƙungiyar gwamnatin jiha, ta doke Iwuanyanwu Nationale da ci ɗaya mai ban haushi, ita ce kuma ta ɗauki lig a 2017, alhali Mighty Jets ta daɗe tana fama a rukunin ƙasa. Hujja ce mai nauyi, kuma gaskiya ne ba a tafiya wasa Kalaba da kyakkyawar niyya kawai, sai da mota da masauki da alawus. Amma kuɗi ɗan wasan da ya riga ya iya yake saye. Ƙungiyar da ta ci lig tana da shekara biyu da kafuwa ba ita ta raini 'yan wasanta ba, ta tarar da su a shirye ne. Sannan a lura da abin da ya faru bayan tauraron Jets ya dushe, farashin kuza ya karye a kasuwar duniya a 1985, kamfanoni suka watse suka bar kududdufai. Da kuɗi ne tushe, da rijiyar ta ƙafe tun lokacin. Sai ga John Mikel Obi, haihuwar Jos ta 1987, ya bi ta makarantar ƙwallo ta Pepsi da Plateau United ya kai Chelsea. Sai ga Ahmed Musa da Moses Simon, dukansu sun bi ta makarantar GBS da ke garin. Wasu kan jingina abin ga sanyin Jos da tudunta na kusan mita 1,200, wai yana buɗe huhu. Ko da hakan na taimakawa, Mambila ta fi Jos tudu, ba mu ji ta cika Super Eagles ba.

Aikin da nake magana a kai ba shi da ƙyalli. Mutum ne da ke fita bayan sallar asuba ko kafin ya tafi coci, hazo bai washe ba, da buhun ƙwallaye rabinsu an sha ɗinke su, da usur rataye a wuya. Filin jar ƙasa ne na makarantar firamare, a ja layi da toka, turakun raga na bututun ƙarfe. Shi ke bi gida-gida yana roƙon iyaye su bar yaro ya zo atisaye, shi ke haɗa karo-karon kuɗin riguna a wajen 'yan kasuwa, shi ke cinikin bas ranar wasa, ya zuba wa yara gulukos a tafin hannu lokacin hutu, in wani ya yi targaɗe shi ne mai shafa man zafi kuma shi zai fuskanci uwar yaron. Ba duka ne na Allah ba, wannan kam dole a faɗa. Tun da kuɗin Turai ya shigo, akwai masu tara yara don neman wanda za su sayar, akwai masu rage shekaru a takarda, akwai masu karɓar kuɗin iyaye da alƙawarin gwaji a ƙasar waje. Amma yawancin yaran da kocin unguwa ya raina ko Kaduna ba za su je wasa ba, shi ma ya sani, gobe kuma zai fito.

Shi Mabo ma'aikaci ne a ƙarshe, hukumar ƙwallo ta ƙasa ce ta ɗauke shi, ya ci Kofin Afirka na mata a 1998 da 2000, ya kai tawagar Olamfik ta Sidni da ta Atens. Amma a wancan zamani horar da mata ba muƙamin da manyan kociyoyi ke rububi ba ne, balle ga Musulmi ɗan Arewa, inda mutane da yawa ke ganin mace da gajeren wando a fili abin kunya ne. Wanda ya tashi a inda ake yin aikin kafin a yi maganar lada shi ne zai karɓi irin wannan aiki da gaske, ya haɗa Mercy Akide da Florence Omagbemi da Ann Chiejine ya fitar da tawaga.

Barazanar da al'adar ke fuskanta yanzu ta fi ƙarancin kuɗi muni. Rikicin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010 sun raba garin, Musulmi suka tattare a irin su Unguwar Rogo da Gangare, Kirista a irin su Unguwar Rukuba da Kabong. Ana shirya gasannin zaman lafiya, suna da amfaninsu, amma ba na tsammanin wasan minti casa'in zai warware rigimar ƙasa da siyasa. Asarar da ta shafi ƙwallo kai tsaye ita ce, kocin da a da yake zaɓen yaransa daga duk faɗin gari, yanzu sau da yawa sai ya yi lissafin unguwar da uwa za ta yarda ɗanta ya tsallaka da yamma, da kuma ƙarfe nawa za a tashi atisaye don kowa ya isa gida kafin magariba.