Tarihin Kayan Kwalliyar Fuska, Baki da Gashi a Ƙasar Hausa

Kayan kwalliyar da matan Hausawa suka gada sun samo asali ne daga daji da gona da kuma hannun fatake. Kwalli da lalle da fure da shuni da man shanu su ne ginshiƙan adon mace tun ƙarnoni da dama kafin zuwan hoda da jan bakin kanti. Kusan dukkansu mace ta san daga inda suka fito, ta san mai haɗa su, kuma ta ga aikinsu a jikin uwarta da kakarta kafin ta kai su nata jikin. Tarihin waɗannan kaya ya nuna yadda wannan sani ya riƙa raguwa a hankali, har aka kai zamanin da ake shafa abin da aka rufe a kwalba a wata ƙasa mai nisa.

Kwalli, wanda ake kuma kira tozali, shi ne kan gaba a kayan fuska. Dutse ne baƙi mai ƙyalli, ma'adinin dalma, da ake niƙawa ya yi laushi sosai. A da wani yakan zo ta hamada tare da ayarin raƙuma, wani kuma daga kwarin Binuwai, inda ake da shi a wurare irin su Zurak da Arufu, har zuwa Abakaliki. Ana ajiye shi a tandu, ɗan ƙaramin mazubi na fata da ake ƙerawa a kan ƙirar yumɓu, idan ta bushe a farfasa yumɓun a zazzage. Sa kwalli ya samu gindin zama saboda addini ya ƙarfafa shi: malamai sun karantar da cewa sunna ce, musamman da dutsen ismidi. Shi ya sa maza ma suke sawa ranar Juma'a da ranar salla, ungozoma kuma takan zizara wa jariri tun kwanakinsa na farko, da niyyar ido ya yi haske ya kuma washe.

Bayan kwalli akwai katambiri, baƙin ruwa da ake samu daga 'ya'yan wata bishiya, wanda a da 'yan mata ke zana layuka da ɗige-ɗige da shi a goshi da kumatu, ya yi kwanaki bai goge ba. Akwai majigi, jan garin itace da ake kawowa daga kurmin kudu, ana kwaɓa shi a shafa a jiki. Wanka kuwa da sabulun salo ake yi, wanda ake dafawa da ruwan toka da mai, sannan a bi fata da man kaɗe ko alayyadi, musamman lokacin hunturu da fata ke bushewa, leɓe da ƙafa su riƙa tsagewa.

Adon baki a da ya haɗa leɓe da haƙora gaba ɗaya. Mace takan goga furen taba a haƙoranta, ta ci goro a kai, baki ya yi ja. Goron nan daga Gwanja fatake ke ɗauko shi a kan jakuna, tafiyar watanni, kasuwar Salaga kuma ita ce babbar matattararsa a ƙarni na 19. Saboda tsadarsa, jan baki na goro da fure alama ce ta wadata a wancan lokaci. Bature matafiyi Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya rubuta cewa ya ga maza da mata suna rina haƙora da leɓe da furen taba da na gurjiya, ya kuma ga kwalli cikin hajar da ake sayarwa a kasuwar birnin. Wannan kasuwa ita ce Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499.

Gyaran gashi sana'a ce mai zaman kanta a hannun makitsiya. Ana fara da tsifa, a wanke kai da ruwan kanwa ko ganyen karkashi mai yauƙi, wanda ke warware gashi ya sa mataji ya wuce ba gardama. Sai a shafe shi da man shanu, a yi kitso. Doka, wadda ake tayar da ita a tsakiyar kai da cusa a ciki, ita ce kitson manyan mata a da, kuma takan daɗe ba a tsefe ba. Bayan an gama sai a shafa shuni, wato baba da aka sarrafa, irin wanda marina ke rini da shi, gashi ya yi baƙi mai sheƙi da ratsin shuɗi. Clapperton ya ambaci wannan ma, har ya ce mata na shafa shi a gira da hannu da ƙafa.

Lalle ya fi sauran kayan shiga cikin al'ada. Ana shanya ganyensa, a daka, a kwaɓa, a ƙunsa a ƙafa da ganye da tsumma, hannu kuma a zura shi a zunguru, wato doguwar ƙwarya, a kwana da shi. Sa amarya a lalle shi ne buɗe bikin aure, ango ma akan sa shi. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa Bahaushiya aka buga a 1954, ya adana bayanin yadda ake wannan hidima tun kafin zuwan Turawa.

A da, yadda waɗannan kaya ke isa hannun mata ya dogara ne kan amana. Matar da ke cikin kulle ba ta zuwa kasuwa. Dillaliya ce ke shigo mata da kaya har ɗaki, ko ɗan koli ya tsaya a ƙofar gida yara su kai su komo. Gwaji kuwa a fili yake. Ana murza kwalli tsakanin yatsu a ji ko da tsakuwa, a ɗiga lalle a tafin hannu a ga kamunsa, a shinshina man shanu a ji ko ya tsufa. Dillaliyar da ta kawo jabu sau ɗaya ta rasa gidan, har da maƙwabtansa.

Sauyi na farko ya zo da jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a 1911. Kamfanonin Turawa irin su John Holt da Paterson Zochonis da CFAO, daga baya kuma UAC da aka kafa a 1929, suka buɗe kantuna, 'yan kasuwar Lebanon da Siriya su ma suka zauna a Fagge. Kuɗin gyaɗa da auduga suka ba manoma damar sayen sabulun wanka mai ƙamshi da hoda da basilin da madubi. Turaren Bint el Sudan, wanda kamfanin W.J. Bush na Landan ya fitar a 1920, ya karɓu ƙwarai saboda na mai ne, ba barasa a cikinsa, har aka koma yin sa a Kano. Sannu a hankali jan bakin kanti ya ture fure, jagira ta maye gurbin katambiri, basilin da man gashi suka rage wa man shanu kasuwa a birane. Lefe ma ya sauya, daga kwandon kaba zuwa fantimoti da kwalla, sannan akwatuna, kuma kayan shafa suka samu nasu kaso a ciki.

Sauyi na biyu ya biyo hanyar gabas. Tsohuwar hanyar alhazai ta Borno da Chadi da Sudan, da kuma aikin hajji ta jirgin sama da ya bunƙasa daga shekarun 1950, sun kawo dilka da halawa da humra da turaren wuta na tsuguno. Matan Barebari da Shuwa ne suka yi fice a wannan sana'a ta gyaran jiki, har ta zama wajibi ga amarya a Kano da Kaduna da Damagaram. Zanen fure na baƙin lalle ma ta nan ya shigo, ya zauna tare da jan ƙunshi na gargajiya. Finafinan Indiya a gidajen silima, da finafinan Hausa da suka fara da Turmin Danya a 1990, sun yaɗa sababbin salon gira da ido da leɓe. A 'yan shekarun nan kwalliyar amarya ta zama sana'ar da ake koyo a biya, masu yin ta suna tallata aikinsu a Instagram da TikTok.

Yawaitar kayan kanti ta zo da matsalar da gwajin gargajiya ba ya iya ganowa. Man bilicin yakan haska fata cikin makonni, mai shafawa ta ga kamar kwalliya ta biya kuɗin sabulu, alhali illarsa sai bayan watanni ko shekaru take bayyana. Yawancinsa na ɗauke da haidurokwinon ko sinadarin sitiroyid ko makuri. Waɗannan na sirantar da fata, su bar tabo baƙi a kumatu da gaɓoɓin yatsu, su hana rauni warkewa da wuri. Makuri kuma yana lalata ƙoda. Baƙin lalle da ake haɗawa da rinin gashi yakan sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa, man miƙar da gashi mai ƙarfi kuma yana ƙona fatar kai idan ya daɗe. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin rajistar kayan shafa a Najeriya, kuma a 2023 ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar.

Binciken zamani ya taɓa kayan gado ma. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da aka samu dalma mai yawa a jininsa, aka gano cewa daga kwallin da aka kai daga Najeriya ne, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Dalma na cutar da ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ce, don haka likitoci ke hana sa wa jarirai kwallin dutse. A ɗaya gefen kuma, man kaɗe ya samu daraja a duniya, ana fitar da shi daga Afirka ta Yamma zuwa masana'antun man shafawa da man leɓe na Turai da Amurka, yayin da mata da dama a birane suka koma ga lalle da karkashi da sabulun salo.

A yau kayan kwalliyar mace Bahaushiya sun haɗa zamani uku: na gado, na gabas, da na kanti. Hanyar tantance su ma ta zama biyu. Ana nan ana tambayar uwa da ƙawa da mai gyaran jiki kamar da, amma an ƙara da duba lambar rajista da ranar lalacewa da jerin sinadaran da ke jikin kwalba, da shafa ɗan kaɗan a dantse a jira kwana ɗaya ko biyu kafin a kai fuska.