Soron Kakanmu Da Na Mayar Ɗaki

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Kwanakin baya wani abokina da ke karatu a Amurka ya turo min bidiyon ɗakin da yake haya. A ƙarƙashin ƙasa yake, sai an sauka matakala. Da can wurin jibge tarkace ne, mai gidan ya gyara, ya sa wuta da banɗaki, ya zuba ɗan haya. Sai yake tambayata, mu me ya hana mu yin haka?

Ai su sanyi ne ya sa su. A arewacin Amurka ƙasa daskarewa take yi, dole a haƙa tushen gini ya wuce inda ƙanƙara ke kaiwa, to tunda an riga an yi ramin sai a more shi. Mu namu ramin a bayan gida muka haƙa shi, muka ɗebi ƙasar muka yi gini, shi ne kududdufi. Amma gyara wani ɓangaren gida ya koma wurin kwana, wannan kullum yi muke. Ku bi titin Gwarzo daga Kabuga, ku wuce Rimin Gado da Garo har ku shiga Gwarzo, ku ƙirga gidajen bakin titi da aka fasa wa soro aka sa ƙofar ƙarfe. Wani ya zama kanti, wani wurin cajin waya, wani ɗakin ango. Soro, ko zaure in ji wasu, shi ne abin da muke cinyewa. Kuma ni ma da hannuna a ciki.

Bari mu koma baya kaɗan. Gidan Bahaushe na da ba a gama gina shi. Daga waje sai soro, sai ƙofar gida inda ake ɗaure dabba kuma samari ke da shagonsu, sai shigifa, sannan cikin gida da turaka da ɗakunan mata. Ɗa ya isa aure a yanka masa sashe. Ɗaki ya tsufa a bar shi ya zube, a jiƙa ƙasar a sake buga tubali da ita. Tubalin nan ba mai kusurwa ba ne irin bulo, da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi, kai a tsuke. Rufi kuwa azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika iya mata ba. Sai dai azara in ta wuce kusan mita 2 lanƙwasawa take yi, shi ya sa tsofaffin ɗakunanmu ƙanana ne.

Wurin da magini ke nuna gwanintarsa shi ne soro, don shi baƙo ke gani. A nan ake ɗaura azara kan azara a tayar da bakan gizo, a yi ɗaurin guga, ɗaki ya buɗe ba ginshiƙi a tsakiya. Wanda ke son ganin iyakar wannan fasaha ya je tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830. Ko ya leƙa Gidan Makama a Kano, ya ɗaga kai ya kalli sama. Maginan ƙauyukanmu na Kabo da Gwarzo ba su yi mai girman wannan ba, amma ilimin ɗaya ne. Har maganin ruwa suna da shi: makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso wanda ake haɗawa da katsin da ake kwasowa daga karofin marina.

Kuma soron nan ba ado ba ne kawai. A nan mai gida ke cin tuwo da maƙwabta, a nan ake ɗaurin aure da raɗin suna da zaman makoki. Malam ya karantar, masaƙi ko maɗinki ya yi sana'a, matafiyin da dare ya yi wa ya kwana ba wanda zai tambaye shi ko sisi.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa suka shigo, kwano ya fara hawa kan gidaje. Siminti kuwa sai da kuɗin mai suka zo ya zama na kowa. A 1975 gwamnati ta yi odarsa har jiragen ruwa suka cunkushe tashar Legas wata da watanni. Tun daga nan gidan ƙasa ya zama abin kunya. Kun san maganar: "Har yanzu a gidan ƙasa suke."

To, ni da na dawo daga bautar ƙasa, maganar aure ta taso, kuɗin fili babu. Gidanmu a wani ƙauye yake tsakanin Kabo da Gwarzo, soronsa kakanmu ne ya sa aka gina. Baffana ya ce, "Tunda tsohon ya rasu ba mai zama a ciki, ɗauki ka gyara, a fasa wata ƙofar ta gefe." Na ji daɗi wallahi. A lokacin buhun siminti ya haura naira 10,000, farkon 2024 ke nan, amma na ciwo bashi na saya. Na sa aka yi filasta ciki da waje, aka shimfiɗa tayil, aka rufe bakan gizon da silin. Aka toshe indararo ɗaya don wai yana ɓata fenti. Na ɗauki hoto na ɗora a Facebook, aka yi ta zuba min Masha Allah.

Damina ɗaya ya yi. Cikin Agusta na fara jin warin danshi, filasta ta kumbura, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar ganga. Wani dare bangon gabas ya zame ya zubo daga waje. Allah ya taƙaita, ba kowa a wurin, amma da safe yara ke wasa a gindinsa.

Baffa ya aika aka kira wani tsohon magini daga wajen Garo. Ya sa hannu ya ɓanɓaro filastar, ƙasar da ke baya jiƙe sharkaf. Ya ce, "Ɗana, wa ya ba ka wannan shawara?" Na ce, "Baba, haka kowa ke yi yanzu." Ya ce, "Ƙasa in ta sha ruwa rana ke busar da ita. Siminti kuwa ba ya kama ta, tsagewa yake, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita. Ka sa mata rigar leda, sannan ka toshe mata indararo." Shekara huɗu na yi a jami'a, ba wanda ya taɓa gaya min wannan.

Gyaran da ya yi ba tsada. Ya kwaɓa ƙasa da ciyawa ya bar ta ta kwana biyu, ya ɗaga bangon, ya yi yaɓe. Ya buɗe indararo, ya zagaye gindin bangon da dakali don kada ruwan da ke fallatsa ya ci tushe. A dakalin nan kaɗai ya yarda a sa siminti. Silin kuwa ya ce a cire, don in azara ta fara lalacewa a bayansa ba mai gani sai ta faɗo. Da aka cire sai ga ɗaurin gugar kakanmu, lafiyarsa ƙalau.

Ni ba na zargin matashin da ya mayar da soro shago. Wanda bai da aiki, ga ɗaki a bakin titi, me kuke so ya yi? Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Da aka yi rasuwa a gidanmu bayan nan, rumfa aka haya aka kafa a kan hanya, dattawa na ta matsawa babur na wucewa. Almajirai biyu da ke kwana a soron tun kakanmu na da rai, ban ma tambayi inda suka koma ba sai daga baya. Ni na rufe ƙofar, kuma ni ne nake yawo ina wa'azin a kula da almajirai.

Yanzu mun sasanta da Baffa. Na koma shigifa, ita na gyara, ƙarama ce amma ta ishe mu. Soron an mayar masa da ƙofarsa da tabarminsa. Tsohon maginin ya ce zai dawo kafin ruwan farko a yi yaɓen shekara, kuma na roƙe shi ya bari samarin unguwa su tsaya su kama masa, don ya ce a 'ya'yansa ba wanda ya ɗauki sana'ar. Mutum shida sun ba da suna zuwa yanzu.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.