Ƙaramin jirgin shaƙatawa: abin da ya kamata ku sani

Ranar da na ji cewa a Amurka mutum kan sayi jirgin sama mai nauyin ƙaton bijimi don shaƙatawa kawai, ban yarda ba sai da na bincika. Ashe gaskiya ne. A 2004 hukumar jiragen saman ƙasar, FAA, ta ware masa rukuni: kujera ba ta wuce biyu, inji ɗaya, nauyi har da mutane da mai kada ya haura kilo 600, gudu kusan kilomita 220 a awa. A 2025 aka sassauta waɗannan iyakoki.

Kafin a ba ka lasisi, sai ka yi aƙalla awa 20 kana koyo a sama. Da yawansu injin Rotax 912 gare su, wanda ke shan fetur irin na mota.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarin kaya. In jirgin ƙirar kamfani ne, ba ka canza farfela sai da amincewar kamfanin a rubuce. Ka yi gaban kanka, takardar izinin tashinsa ta daina aiki. Dalilin a fili yake: a sama babu gefen titin da za ka faka ka kira bakanike.