Yadda PRId64 Ya Samo Asali a Harshen C

Lokacin da Dennis Ritchie ya ƙirƙiro harshen C a Bell Labs, farkon shekarun 1970, injin PDP-11 ne a gabansa, wanda int ɗinsa bit 16 ne. Shi kuwa printf, umarnin buga rubutu a C, bai san irin lambar da aka miƙa masa ba. Abin da aka rubuta bayan alamar % kawai yake bi, idan an gaya masa ba daidai ba sai ya buga shirme. Nan ne tushen wahalar, domin sai mai rubutu ya san faɗin kowace lamba, alhali faɗin yana hannun kwamfaila.

Ƙa'idar ANSI ta 1989 ba ta tanadi lamba mai bit 64 ba. Da injuna irin su Alpha na kamfanin DEC suka fito a 1992, sai kowa ya kama gabansa. GCC ya kawo long long, BSD ta ɗauki %qd, Microsoft ya ƙirƙiri __int64 da %I64d. Tsarin Unix ya faɗaɗa long zuwa bit 64, Windows kuma ya bar shi a 32 don kada tsofaffin manhajoji su lalace. Sai ga layi ɗaya mai %ld yana aiki lafiya a Linux mai bit 64, amma a Windows da zarar lamba ta haura 2,147,483,647 ya tashi daga aiki.

Ƙa'idar 1999 ce ta amince da %lld, ta kuma kawo int64_t da inttypes.h. A cikin inttypes.h ne PRId64 yake: suna ne da kowace kwamfaila ke musanyawa da haruffan da suka dace da ita, ld a nan, lld a can. A ganina wannan ne gyara mai tushe, don ya mayar da nauyin sanin faɗi kan wanda ya yanke shi.

Masu suka na cewa "%" PRId64 mummuna ne, yana yanke jimla gida biyu, gara a juya lambar zuwa long long a buga da %lld. Muninsa gaskiya ne, dabararsu ma tana aiki a yau. Sai dai Microsoft bai saka inttypes.h a Visual Studio ba sai 2013, kuma tsohon msvcrt.dll na Windows, wanda kwamfailar MinGW ta dogara da shi, ya daɗe bai gane %lld ba. A waɗancan shekarun, wanda ya rubuta PRId64 layi ɗaya ya ishe shi ya fassara sunan zuwa I64d, shi kuwa mai %lld sai ya bi kowane printf yana gyarawa.