Ganuwar Deri da Unguwanni Biyu da ke Gindinta

A Ailan ta Arewa, a bakin kogin Foyil, akwai wani birni mai suna biyu. 'Yan Katolika suna kiransa Deri, da yawa cikin 'yan Furotesta kuwa Landanderi suke cewa, har da jin sunan da mutum ya ambata akan gane ɓangarensa. Dukansu kuwa Almasihu ɗaya suke kira Ubangiji.

Abin da ke kawo baƙi birnin shi ne ganuwarsa ta dutse, wadda aka gina tsakanin 1613 da 1619. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Landan ne suka biya kuɗin ginin, domin kare 'yan Furotesta da aka kawo daga Ingila da Sikotilan aka zaunar da su a ƙasar da aka ƙwace daga 'yan asali, waɗanda Katolika ne. Daga nan aka ƙara Landan a kan sunan. Kewayenta kusan kilomita ɗaya da rabi ne, ana hawa a zaga ta da ƙafa.

Mai zagayawa zai iso majami'ar Kolumba mai tsarki, wadda aka kammala a 1633. A can ake ajiye da kwaɗunan ƙofofin birnin. A watan Disamba 1688, samari 13 masu koyon sana'a suka rufe ƙofofin don hana sojojin Sarki Jems na 2, ɗan Katolika, shiga. A shekara ta gaba aka kewaye birnin kwana 105. Yunwa ta kai mutane ga cin dawakai da karnuka da ɓeraye, dubbai suka mutu, amma ba su miƙa wuya ba, har jiragen ruwa suka kawo abinci a ƙarshen Yuli 1689. Wannan shi ne labarin da ɗan Furotesta ke tasowa da shi, kuma jikokinsu na nan a ƙaramar unguwar Fawuntin, a jikin ganuwar.

In aka ƙara gaba aka leƙa yamma, sai a ga unguwar Bogsaid a kwari, da manyan zane-zane a bangayen gidaje. Labarinta daban ne. Ko da yake Katolika sun fi yawa a birnin, an shata mazaɓu yadda mulki ba zai fita hannun marasa rinjaye ba, aka kuma danne su wajen rabon gidaje da ayyuka. A Agusta 1969, jerin gwanon tunawa da samarin nan 13 ya haddasa faɗan kwana uku tsakanin mutanen unguwar da 'yan sanda. Ranar Lahadi, 30 ga Janairu 1972, sojojin Birtaniya suka harbe masu zanga-zanga 13, wani kuma ya rasu daga baya. Kafin rikicin ya lafa, ya ci rayuka fiye da 3,500.

Ya ɗan'uwa mai karatu, duk labaran nan biyu gaskiya ne. Sai dai kowace unguwa tata gawar kaɗai take ƙirgawa, abin da aka yi mata ta haddace, abin da nata suka yi kuwa ta manta. Laifi tudu ne, in ji magabata, ka taka naka ka hango na wani. Daga gindin ganuwa unguwa ɗaya ake gani, sai wanda ya hau ne yake ganin duka biyu.

An sami waɗanda suka hau. Edward Daly, limamin Katolika da aka ɗauki hotonsa ran Lahadin nan yana kaɗa hankici mai jini a gaban waɗanda suka ɗauko wani yaro da aka harba, ya zama bishof na Deri. Ya ƙulla abota da James Mehaffey, bishof na Angilikan, suka riƙa fitowa tare a bainar jama'a a lokacin da hakan ke jawo zagi daga nasu. John Hume, ɗan birnin, ya dage kan tattaunawa har aka sa hannu a yarjejeniyar 10 ga Afrilu 1998, ranar Jumma'ar da muke tuna gicciyen Ubangijinmu. A Yuni 2010, bayan bincike na shekara 12, Firayim Minista David Cameron ya amsa cewa kisan 1972 ba shi da hujja, ya nemi gafara. Iyalan mamatan sun jira shekara 38 kafin su ji wannan magana. A 2011 aka buɗe Gadar Salama a kan kogin Foyil, ta masu tafiya da ƙafa.

Aikin bai ƙare ba. Har yanzu akwai shinge a gefen Fawuntin, yara da yawa kuma makarantu dabam suke zuwa. Ganuwar ma tana tsaye, amma yanzu baƙi ne ke yawo a kanta, igwoginta sun yi shiru.

Manzo Bulus ya koya wa Afisawa cewa Almasihu ya rushe gabar da ta raba Bayahude da Ba'al'umme. Mai bi da ya gaskata wannan ba shi da izinin tuna matattun gidansa kaɗai. Ya Ubangiji, ka ba mu zuciyar da za ta yi kuka domin gawar maƙwabci, ka ba mu kuma bakin amsa laifinmu. Amin.