Amsoshin Takardunku: Tarihin Tseren Motoci Na Faris Zuwa Dakar

Wani mai sauraronmu, bafatake daga Tawa a Jamhuriyar Nijar, ya rubuto mana yana cewa: tun ina yaro nake jin labarin motocin Turawa masu ratsa Agadas a guje, ana ce musu 'yan Dakar. Don Allah yaushe aka fara wannan tsere, ta yaya suke gane hanya cikin hamada, kuma me ya sa muka daina ganinsu?

To malam, mun gode da wannan takarda taka. Shi dai irin wannan tsere ya girmi kakanninmu da yawa. A 1907 wata jaridar Faransa mai suna Le Matin ta yi shela cewa ko akwai mai iya tuƙa mota daga birnin Beijin na ƙasar Sin har Faris. Motoci 5 suka tashi ran 10 ga Yuni, babu kwalta, sai bin turakun wayar tangarahu, man fetur kuwa raƙuma ne suka yi gaba da shi suna ajiyewa a zango-zango. Wani ɗan sarautar Italiya, Scipione Borghese, shi ya fara isa bayan wata biyu cur.

A Afirka kuwa abin ya kafu ne a 1953, da aka shirya tseren Safari a Kenya da Uganda da Tanganyika don bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu. A hanyoyin karkara ake yinsa, ga taɓo, ga kwazazzabai. A 1963 motoci 84 suka tashi, 7 kaɗai suka kai ƙarshe, kuma Fijo 404 ce ta ci. Ka ga ashe ba banza direbobinmu na tasha suka riƙe Fijo hannu bibbiyu ba.

Yanzu sai na Dakar da ka tambaya. Asalinsa ɓatan hanya ne. A 1977 wani matashi Bafaranshe, Thierry Sabine, ya shiga tseren Abijan zuwa birnin Nis a kan babur, ya ɓace cikin Sahara, da ƙyar aka tsinto shi da rai. Maimakon ya ce ya tuba, sai ya koma gida ya shirya nasa. Ran 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka bar Faris, suka bi ta Aljeriya, suka shigo Nijar ta Agadas da Yamai, suka wuce Mali da Bukina Faso, wadda a lokacin ake kira Upper Volta. Tafiyar wajen kilomita 10,000 ce, kuma 74 ne suka ga Dakar.

Batun gane hanya kuwa, nan ne gizo ke saƙar. Wanda ka gani zaune gefen direba, kada ka ɗauka karen mota ne. Shi ne jagaba, kamar dai wanda ke gaban ayari a zamanin fatauci. Ana ba shi littafin hanya mai ƙananan zane-zane: bayan kilomita kaza akwai rijiya, a karya dama, bayan kaza akwai rami, a sassauta. Yana da mita mai ƙirga tazarar da aka ci, da kamfas mai nuna gabas da yamma. In ya yi kuskuren layi ɗaya, to duk gudun da direba zai yi ƙara nisa da hanya ne kawai. Akwai kuma wuraren da dole a biya a buga hatimi, wanda ya tsallake a ƙara masa sa'o'i a lissafinsa. Mai babur kuwa ba shi da jagaba, shi ke tuƙi, shi ke karatu.

Ko da littafin ma ana ɓata. A 1982 Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Birtaniya ta lokacin, ya yi kwana 6 a hamadar Aljeriya shi da abokan tafiyarsa biyu, sai jirgin sojan ƙasar ne ya hango su. A 1983, da aka ratsa Tenere, guguwar rairayi ta watsa 'yan tsere wajen 40, aka yi kwanaki ana tsinto su ɗaya-ɗaya. Wannan Tenere fa ita ce madugan Abzinawa ke ƙetarewa kowace shekara da raƙuma zuwa ɗauko gishirin Bilma, da taurari da sanin ƙasa kawai. Sai a 1992 aka fara amfani da na'urar GPS mai aiki da tauraron ɗan Adam, amma daga baya aka taƙaita ta don kada sanin hanya ya zama banza.

Sai dai tseren ya ci rayuka. Shi kansa Sabine ya mutu ran 14 ga Janairu 1986, da jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi a Mali, su biyar a ciki. Wannan duniya ta ji. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mutanen ƙauye da motocin suka banke, galibi yara da suka fito kallo, kamar yarinya 'yar shekara 10 da aka kashe a garin Kita na Mali a 1988. Ɗan tsere ya san abin da ya sa hannu a kai kafin ya taso, amma ita ba wanda ya shawarce ta. Masu otal da masu sayar da mai da makanikai a Agadas sun sami ciniki, gaskiya ne, amma na kwana biyu ne a shekara.

Rashin tsaro ne ya raba mu da su. A 2000 aka sami labarin za a kai musu hari a arewacin Nijar, sai aka kwashe motocin a jiragen sama daga Yamai zuwa Libiya. A Disamba 2007 aka kashe Faransawa huɗu 'yan yawon buɗe ido a Muritaniya, aka soke tseren 2008 ana gobe za a tashi. Daga 2009 zuwa 2019 a Kudancin Amurka aka riƙa yinsa, a 2020 kuma aka mai da shi Saudiyya, inda ɗan ƙasar, Yazeed Al-Rajhi, ya ci na motoci a 2025. Sunan Dakar dai ba su canja shi ba. Da fatan ka gamsu, malam.