Daga Gidan Gem Zuwa Steam: Yadda Bakin 'Yan Wasa Ya Zama Alƙali

Rubutun yau yana da tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare.

Kwanakin baya babban ɗana, wanda yake aji biyar a sakandare, ya same ni ina shan iska bayan Isha'i ya ce, "Abba, don Allah dala 20 nake so a biya mini." Na ce ta mece ce? Wai wani wasan kwamfuta ne ya fito, Hollow Knight: Silksong. Na buga lissafi na ga kusan naira 30,000 ke nan, ga wata ya yi nisa. Na ce masa yaro ba ka zo a sa'a ba. Sai ya miƙo mini kwamfutar ya ce, "To Abba karanta abin da mutane suke cewa a kai."

Ban biya a ranar ba, amma na karanta. Daga wannan shafin na faɗa wani, daga nan na faɗa wani, har na je inda ya sa na ce lallai sai na yi wa iyaye 'yan uwana wannan bayanin.

Mu da muka taso a shekarun 1990 mun san gidan gem. Ka ba da 'yan canjinka a ba ka hannu ka buga Mario ko Contra, daga baya aka koma ƙwallo a PlayStation. Duk abin da muka buga manyan kamfanoni ne suka yi shi, irin su Nintendo da Sega da Konami. Ba wanda ya taɓa tambayar ra'ayinmu. A can ƙasashen da ake sayar da su ma, mujallu ne suke yanke hukuncin wasa mai kyau da marar kyau. Mai saye nasa biya da haƙuri.

Amma tun a lokacin an fara ɓalle ƙofa. A Disambar 1993 wani ƙaramin kamfani a Texas ta Amurka, id Software, ya saki Doom. Dabararsu ita ce kashin farko kyauta ne, kwafa ka ba abokinka, in ya yi maka daɗi ka aiko kuɗi a ba ka sauran. Wato talla ta koma bakin 'yan wasa. A 2004 wani ɗan Japan, Daisuke Amaya, ya saki Cave Story kyauta bayan ya shafe shekara biyar yana haɗa shi shi kaɗai a lokacin hutunsa daga aiki. Irin waɗannan su ake kira 'yan indi, masu cin gashin kansu, mutum ɗaya ko uku a ɗaki, ba uban gida ba jari.

Kasuwar da ta ɗaga su ita ce Steam, wadda kamfanin Valve ya buɗe a 2003. Da farko wasanninsa kawai yake rabawa, daga 2005 ya fara karɓar na wasu, kuma a yawancin ciniki yana cire kashi 30 cikin ɗari. Sai ga Minecraft a 2009, wanda Markus Persson ɗan Suwidin ya fara sayarwa a shafinsa tun bai gama shi ba, 'yan wasa suna faɗin abin da suke so yana ƙarawa. A 2014 Microsoft ya saye shi dala biliyan 2.5. Daga nan kowa ya gane cewa yaron da ke ɗaki da kwamfuta ba abin rainawa ba ne.

Matakai uku ne suka miƙa wa 'yan wasa sandar alƙalanci. Na farko a 2012, Valve ya kawo Greenlight, inda jama'a ke jefa ƙuri'a a kan wasan da suke so a shigo da shi kasuwa. Na biyu a 2013, aka ba duk wanda ya buga wasa damar rubuta sharhi, ya ɗaga babban yatsa sama ko ƙasa, kuma ana nuna awa nawa ya yi yana bugawa. Na uku a 2015, aka ce in ka sayi wasa ba ka wuce awa 2 kana bugawa ba, kuma ba a wuce kwana 14 ba, kana iya mayarwa a ba ka kuɗinka. A 2017 aka rushe Greenlight, aka ce duk mai dala 100 ya kawo hajarsa. Sakamakon haka, a 2023 kaɗai wasanni sama da 14,000 suka shiga Steam. A irin wannan cunkoson, wanda ba shi da kuɗin talla ba shi da gata sai bakin mutane.

Bakin nan ya yi wa wasu rana. Eric Barone ya yi shekara huɗu da rabi shi kaɗai yana haɗa Stardew Valley, wasan noma da kiwo, ya fito a 2016 ya sayar da miliyoyi. A shekarar ne kuma Kiro'o Games na Yawunde a Kamaru suka saka Aurion a Steam, abin da a zamanin faifai da kwali sai dai a mafarki. Su kansu masu Silksong ɗin da ɗana yake nema, Team Cherry, mutum uku ne a Adelaide ta Ostireliya. Ranar da ya fito, 4 ga Satumban 2025, sai da Steam ta dinga sarƙewa saboda yawan masu saye.

Bakin nan kuma yana yanka. No Man's Sky ya fito a 2016 da alƙawuran da bai cika ba, 'yan wasa suka yi masa ca. Masu shi suka yi gum suka koma gyara, suna sakin ƙari kyauta shekara bayan shekara, sai a 2024 jimillar sharhinsa ta hau matakin yabo sosai. Shekara takwas ana biyan bashin magana! Shi kansa Silksong, 'yan China sun yi masa ruwan yatsa ƙasa saboda fassarar da aka yi zuwa harshensu ba ta yi ba, har kamfanin ya fito ya yi alƙawarin gyarawa. Wannan ya burge ni, mutane sun tsaya wa harshensu da aljihunsu. Sai dai akwai taron dangi, inda dubban mutane za su afka wa wasa don haushin wata magana ta siyasa da ba ta shafi wasan ba. Abin ya yi yawa har a 2019 Valve ya fara ware irin wannan sharhin daga lissafi.

To yanzu ga inda na ce na faɗa.

Akwai wani nau'in wasa da ni zan kira labarin allo. Kusan littafi ne: zane irin na katun ɗin Japan, rubutu a ƙasa, kiɗa a baya, kana karantawa kana latsawa, jefi-jefi a ba ka zaɓi, abin da ka zaɓa ya canza ƙarshen labarin. Asalinsa Japan ne tun shekarun 1980, kuma tun farko wani babban ɓangarensa na batsa ne, don kwamfutocin gida ba su da takunkumin da Nintendo ya sa wa na'urorinsa. A 1991 aka kama wani ɗan makaranta a Kyoto ya saci irin wannan wasan a kanti. Maganar ta girma har 'yan sanda suka kama shugabannin kamfanin da ya yi shi, kuma a 1992 kamfanonin suka kafa hukumar tace kansu da kansu, suna liƙa alamar shekara 18.

Abin da ya faru bayan nan shi ya fi ba ni mamaki. Kamfanin Leaf ya fitar da Shizuku a 1996 da To Heart a 1997, kamfanin Key ya fitar da Kanon a 1999. Duk na manya ne, amma abin da masu bugawa suka dinga yabawa shi ne labarin, har aka samu wani rukuni da ake wa laƙabi da wasan sa kuka. Da Key ya ga haka sai ya sake fitar da Kanon an cire batsar, kuma Clannad na 2004 tun farko ba a sa ta ba. Haka Type-Moon, waɗanda suka fara da sayar da Tsukihime a kasuwar 'yan sa-kai ta Comiket a Tokyo a shekarar 2000. Fate/stay night nasu na 2004 na manya ne, a 2007 suka fitar da tsaftatacce, yau sunan Fate yana jawo biliyoyin daloli. Masu saye ne suka nuna wa masu yi cewa alƙalami ya fi tsiraici kasuwa.

Amma kada mu yaudari kanmu, ɗaya ɓangaren bai mutu ba, ƙaura ya yi. A 2004 aka saki Ren'Py, manhaja ta kyauta da kowa zai iya haɗa labarin allo da ita. A 2013 aka buɗe itch.io da Patreon. Sai ga sabon salo: mutum ya saki babi ɗaya, masu so su dinga biyansa duk wata, su ne kuma za su faɗa masa yadda labarin zai tafi. Babban ƙorafin da na gani a bakin masu bin irin waɗannan shi ne labarin ba ya ƙarewa, don ranar da ya ƙare ranar kuɗin wata ya tsaya. Da na karanta haka sai na yi dariya, domin mun san wannan a gida. Littattafanmu na WhatsApp da ake biya a shiga gurup, marubuciya tana sakin shafi-shafi, masu karatu suna matsa mata ta ƙara yaji, ai tsarin ɗaya ne.

A Mayun 2018 Valve ya aika wa wasu masu irin waɗannan wasannin gargaɗi su rage ko a cire su. 'Yan wasa suka tayar da ƙura, kamfanin ya janye, a watan Yuni ya ce zai bar komai in dai bai saɓa doka ba kuma ba tsokana ce tsagwaronta ba. Shekara bakwai ana haka. A Afrilun 2025 aka yi ca a kan wani wasa mai suna No Mercy da ke tallata fyaɗe, har masu shi suka janye shi. Wata ƙungiya a Ostireliya, Collective Shout, ta ga cewa magana da Valve ba ta biya, sai ta rubuta wa kamfanonin biyan kuɗi irin su Visa da Mastercard da PayPal. A watan Yuli Steam ta ƙara doka cewa ba ta karɓar abin da zai saɓa ƙa'idojin masu sarrafa kuɗi, ta cire wasanni da yawa. itch.io kuwa ta ɓoye duk na manya daga bincike a dare ɗaya. 'Yan wasa suka dinga kiran layukan Visa da Mastercard don nuna fushi, Mastercard ta fito ta ce ita ba ta tantance wani wasa ba. Daga baya itch.io ta dawo da waɗanda suke kyauta, tunda su ba kati a tsakani.

Ni dai wallahi ban zubar da hawaye don an cire wasan fyaɗe ba. Amma abu biyu sun tsaya mini. Na ɗaya, tsintsiyar ta haɗa har da waɗanda suka yi wasa don ba da labarin cin zarafin da aka yi musu, ba don sha'awa ba. Mu da muke aikin gwamnati mun san illar dokar da aka rubuta da gaggawa ba a fayyace ta ba, mai gaskiya take fara kamawa. Na biyu, wanda ya yanke hukuncin ba kotu ba ce, ba majalisa ba ce, mai riƙe da hanyar kuɗi ne. Yau ya yanke abin da ya yi mana daɗi. Gobe fa?

Mun ga makamancin wannan. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano. Rubutun bai tsaya ba, ya bar Kasuwar Sabon Gari ya shige waya, inda ya fi wuyar gani. Haka nan ma, na kuɗi aka taɓa, na kyauta yana nan, kuma yaranmu da ba su da katin dala ai na kyautar suke nema.

Don haka 'yan uwa, ga abin da na koya. Zanen katun ba ya nufin na yara ne. Doki Doki Literature Club na 2017 kyauta ne, a ido 'yan mata ne a kulob ɗin adabi na makaranta, a ciki kuwa maganar ciwon damuwa ce da kashe kai, kuma shi da kansa yana gargaɗi tun a farko. Shingen shekaru a yawancin wuraren nan tambaya ce kawai, yaushe aka haife ka, yaro ya rubuta abin da ya ga dama. Steam tana da tsarin iyali da uba ko uwa za su iya zaɓar wasannin da yaro zai gani da awannin da zai yi, mu koya mu kunna. Sannan sharhin 'yan wasa yana gaya maka ko wasa yana da daɗi, ba ya gaya maka ko ya dace da ɗanka. Yabon kashi 95 cikin ɗari daga bakin waɗanda suka je neman abin ne. Amma in ka daure ka karanta sharhi goma, musamman na masu kushe, za ka san abin da ke ciki fiye da abin da tallar ta nuna.

Ɗan nawa dai da albashi ya shigo na biya masa, bayan na zauna mun duba tare. Sharaɗin shi ne kwamfutar a falo take kwana. Ya ba ni hannu na gwada, wani ƙwaro ya kashe ni sau bakwai a wuri ɗaya, ƙannensa suna ta dariya. Na ce su bar ganin haka, a zamanin Contra unguwa guda ake taruwa kallona.

Iyaye, ku nawa ne kuka taɓa buɗe wayar yaranku kuka duba wasannin da ke ciki? Matasan da ke bugawa kuma, ku gyara mini inda na kuskure. Allah Ya shirya mana zuri'a.